Ranar Ɗanɗana Gishiri

A unguwarmu ta masunta, can gefen gabas na La Línea, Baldomero Chacón ba ya faɗin magana sau biyu. Ba wai don ya fi kowa hankali ba ne. Murya Allah ya ba shi, da ƙirji kamar ƙofar gareji, kuma shekara da shekaru shi ne shugaban ƙungiyar masuntan da ke ɗaukar mutum-mutumin Uwarmu ta Carmen daga coci a kafaɗa su shiga da ita teku ranar bikinta. Mutumin da ya saba daka wa ƙarti tsawa su ɗaga ƙafa lokaci guda, ina zai koyi neman shawara? Matarsa Herminia ce kaɗai ke iya ce masa ya rufe baki, ita ma sai an rufe ƙofa.

A farkon zafin shekarar nan Turawan Ingila suka shigo da jirginsu na ƙarƙashin teku tashar Gibraltar da ke hannunsu, can bayan ƙaton dutsen da muke kira Dutse kawai. Jirgi ne mai aiki da nukiliya, aka ce wani bututu ne ya tsage a cikin injinsa. Da farko cewa aka yi kwana kaɗan zai yi a ja shi gida. Daga baya aka ce a'a, jan sa ya fi haɗari, a nan za a gyara shi, a tsakiyar garuruwan da suka kewaye ruwan, inda mata ke hango shi daga kan rufi idan sun hau shanya. Aka fita zanga-zanga da kwalaye, 'yan siyasa suka samu abin faɗa a talabijin. Guba dai babu wanda ya gan ta da idonsa. Abin da kowa ya gani shi ne kifi ya daina sayuwa. Dillalan Málaga da Sevilla, waɗanda a da suke rige-rigen akwatin kifin sardin, yanzu sai su tsaya daga nesa suna tambaya, "Na wane ruwa ne?" Rumfunan gashin kifi na bakin rairayi, har da ta Herminia, suka koma wurin hirar ƙudaje.

Baldomero ya ɗauki abin da zafi kamar shi aka zaga. Duk inda ya zauna maganarsa ɗaya ce: jirgi yana yamma, mu muna gabas, ga Dutse sukutum a tsakani. Wani tsoho ya taɓa tambayarsa ko sardin ma ta san gabas da yamma, ko ita ma ana duba mata takarda a kan iyaka. Aka yi dariya, ban da Baldomero.

Ana cikin haka bikin Carmen ya ƙarato, da shi kuma al'adar da muka fi ji da ita. Idan an shiga da Uwarmu ruwa, kafin a ɗora ta a kwale-kwale, sai iyaye mata su kawo jariran da aka haifa a shekarar. Shugaba ne ke karɓar su ɗaya bayan ɗaya, ya kamfaci ruwan teku da tafin hannu ya zuba wa jariri a ka, ya ɗiga masa a baki. Yaro ya ji gishiri ya callara ƙara, jama'a su ɗauki tafi da sowa, shi ke nan ya zama ɗan unguwa, teku ta san shi. Na gidan shugaba shi ne na ƙarshe, don kada a ce ya fifita nasa.

A taron shirye-shirye, a zauren da ke bayan coci, Nieves ce ta miƙe. Yarinya ce marar hayaniya, mijinta yana can kan babban jirgin kamun kifi a ruwan Muritaniya, ga ɗanta Eloy a kafaɗa. Mahaifinta, kafin ya rasu, abokin kwale-kwalen Baldomero ne, a gaban Baldomero ta girma.

"Kawu Baldo, ka yi haƙuri, ni dai tambaya ce," in ji ta. "Bana ba za a iya barin yaran nan a kan rairayi ba? Limamin coci ya sa musu albarka daga nan, baɗi in an tafi da jirgin sai a ɗanɗana musu."

Wasu mata suka gyaɗa kai, ka san sun daɗe da maganar a ciki, mai fara faɗa suke jira.

Baldomero ya miƙe, kujera ta yi ƙara. "Nieves, 'yata, kin san wa zai zo bikin nan? 'Yan talabijin daga Sevilla. Suna nan tafe da na'urorinsu, ba don Uwarmu ba, don su ga ko muna tsoron ruwanmu. To ki ba su abin da suke so. Su nuna wa duniya masuntan La Línea sun riƙe 'ya'yansu a tudu, sannan gobe in kai kifi kasuwa in ce wa matar wani ta saya ta ba nata 'ya'yan? Da wane bakin?"

"Ni ba kifi nake tunani ba, Kawu. Shi kaɗai gare ni."

"Ni kuma guda nawa gare ni? Candela ba jikata ba ce? Ba za ta sha ba?"

Kowa a zauren ya san labarin Candela. Milagros, 'yar Baldomero tilo, ta yi shekaru tana ɓari kafin ta same ta, kuma bakwaini aka haife ta, sai da ta yi makonni a kwalba a asibiti. In har za a ɗiga wa Candela, wa ke da bakin magana?

Amma Baldomero bai iya tsayawa inda ya yi nasara ba. Ya ɗauki kofin giyar wani a kan tebur, ya watsar da sauran, ya fita ya tsallaka titi ya gangara bakin ruwa, ya dawo da shi cike. A gaban kowa ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya shanye. Idonsa ya kawo ruwa, ya dangwarar da kofin.

"Ku duba ni da kyau, nukiliyar ta sa na fara haske?"

Zaure ya ɓarke da dariya, har Nieves sai da ta murmusa. Ya matso ya dafa kan Eloy, murya ta sauko. "Ubanki ya ba ni amanarki a bakin kwale-kwale. Abin da ba zan yi wa tawa ba, ba zan yi wa naki ba. Kin ji?"

Ta ce ta ji. Herminia kuwa ta ba maƙwabta labari washegari cewa nukiliya ba ta taɓa mijinta ba, amma ruwan gishiri ya hana shi nisa da bayi.

Ranar Lahadi Nicasio, ƙanen Herminia, ya zo cin shinkafa da kifi kamar yadda ya saba. Shi mai fenti ne a tashar jiragen Gibraltar, kullum da safe yake tsallaka iyaka a kan ɗan babur ɗinsa. Ba ya aiki kusa da jirgin, an kewaye wurin da waya, amma yana ganin masu shiga da fita. Bayan an ci, mata suna kicin, Baldomero ya tambaye shi kamar ba da gangan ba.

"To, ɗan Ingila, me iyayen gidanka ke cewa?"

"Cewa suke babu komai, suruki. Kuma ni na yarda da su, mutanen nan da iyalansu a can suke kwana. Kullum da safe ma sai sun fita da ƙaramin jirgi sun ɗebi ruwa a kwalabe sun auna."

"Kullum?"

"Kullum, har Lahadi."

"In babu komai, awon na mene ne?"

Nicasio ya ɗaga kafaɗa yana sakace. "Ina na sani? Ni fenti nake yi. Kai ma ai kana duba gindin kwale-kwalenka ko ba ya yoyo."

Amsa ce mai kyau, Baldomero ma ya san mai kyau ce. Sai dai maganar ta shige shi kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Da yamma Milagros ta kawo Candela, ta ɗora masa a cinya ta tafi taya uwarta wanke-wanke. Ya zauna yana kallon 'yar halittar nan, wuya kamar na ɗan tsako, jijiyoyi kore-kore a gefen kai, maɗiga tana bugawa a hankali. Ya sa ɗan yatsansa a bakinta ta kama tsotsa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da iskar gabas ta kife da su. Shi ya sha kofi guda, to, shi tsohon itace ne. Wannan fa? In akwai wani abu a ruwan, ko ƙanƙani, wanda ba ya wari ba ya ɗaci, sai bayan shekaru ya fito, wa zai kalli Milagros?

Milagros kuwa ko a jikinta. Ta leƙo daga kicin tana nuna masa 'yar farar rigar da ta ɗinka wa yarinyar don bikin. "Baba, ka riƙe min ita da kyau fa ranar, kada ka yi mata irin riƙon da kake wa akwatin kifi."

Hanya a buɗe take, ya koma zaure ya ce jama'a na sake tunani, bana a bar yara a tudu. Ya auna wannan, ya ga fuskar tsohon nan mai maganar takardar sardin, ya ga kofin da ya shanye, ya ga 'yan talabijin. Bai iya ba. Girman kai ne, ba wani abu ba, ko da yake shi ya sa masa suna kare unguwa.

Da hantsin ranar biki Herminia ta same shi a bayan rumfa. Ya ɗauki 'yar robar nan mai dogon baki da take ɗiga man zaitun a kan gasasshen kifi, ya wanke ta tas, ya cika ta da ruwan sha na kanti, yana ɗaure ta a damtsensa da zaren fatsa, bakinta ya sauko daidai wuyan hannu. Farar rigar biki mai faɗin hannu ce, in ya sake ta babu mai gani. In ya matse hannu a haƙarƙari, ruwa ya gangaro tafinsa.

Ta tsaya ta kalle shi, ta kalli robar. Ba ta buƙaci bayani ba.

"Ta wa ce?"

"Kin sani."

"Sauran fa?"

"Herminia, ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Na rantse lafiyarsa ƙalau."

"To cire."

Bai cire ba, ya ci gaba da ƙulla zare da haƙori.

"Baldo, ko ka gaya wa kowa, ko ka ɗiga wa kowa. Ɗaya daga ciki. Wannan da kake yi ba shi da suna."

"Bakwaini ce," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Sauran ƙosassu ne."

Herminia ma kakar yarinyar ce, kuma a nan ne nata ƙarfin ya ƙare. Ta juya ta koma hura gawayi, ba ta sake kallonsa ba har aka fita.

Da la'asar aka fito da Uwarmu daga coci, an lulluɓe ta da fararen furanni, 'yan badujala a baya, ana harba tartsatsin wuta sama. Iskar gabas ta ɗora wa Dutse hular gajimarensa. Rairayi ya cika maƙil, ga 'yan talabijin da gaske sun zo, sun naɗe ƙafar wando sun tsaya a bakin ruwa. Baldomero yana gaba yana ba da umarni, maza suka shiga teku da Uwarmu a kafaɗa, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, suka tsaya gefen kwale-kwale. Mata masu jarirai suka biyo, riguna suna yawo a kan ruwa.

Ya fara karɓa da hannun hagu yana kamfata da dama, yana kula kada ya matse damtse. Na farko ya ji gishiri ya tsala ihu, rairayi ya ɗauka da tafi. Na biyu haka. Da aka zo kan Nieves, ta ɗan riƙe yaron fiye da yadda ya kamata kafin ta sake shi. Ta yi masa murmushi.

"Ga shi, Kawu. Don kai."

Ya karɓi Eloy. Yaro ne mai nauyi, da idon kakansa sak. Baldomero ya ji robar tana danne masa jijiya a ƙarƙashin riga. A wannan lokacin zai iya matsawa, ruwan kanti ya gangaro, babu mai sani. Ya tuna robar ƙarama ce. Ya tsoma hannu a teku ya kamfato, ya zuba a kan yaron, ya ɗiga masa a baki. Eloy ya haɗiye, ya yamutsa fuska, ya ƙwala ƙara har da shure-shure. Aka yi sowa. Nieves ta karɓe shi ta rungume, tana dariya tana hawaye, kuma maimakon ta fita, sai ta koma gefe kaɗan ta tsaya, don ta ga na Milagros, ƙawarta tun ta makaranta.

Milagros ta miƙo Candela cikin farar rigarta. Baldomero ya juya wa rairayi baya kaɗan, ya kai hannu kusa da ruwa kamar mai kamfata, ya matse damtse. Ruwa ya cika tafinsa. Ya shafa mata a ka, ya ɗiga a baki.

Candela ta lashe leɓe, ta buɗe baki tana neman ƙari.

Gishiri! Mutumin da ya yi shekaru yana wannan aiki, wanda ya san duk bikin a kan kukan nan ya rataya, ya wanke roba, ya sayi ruwa, ya ƙulla zare, bai tuna ya jefa ɗan gishiri ba. A rairayi kowa yana jiran kuka. Can wani ya ɗaga murya, "Jikar Baldo ce, kofi guda take so!" Aka fashe da dariya, aka fara kira, "A ƙara mata! A ƙara mata!"

Ya sake sunkuyawa, ya sake matsawa. Yarinya ta sha abinta tana lumshe ido, zafi ake yi, ƙishirwa take ji. Ya matsa na uku da dukkan ƙarfinsa, robar ta yi 'yar ƙarar nan ta abin da ya ƙare. Gumi ya keto masa. Milagros ta fara kallonsa da damuwa, don tsofaffi suna cewa yaron da bai yi kuka ba teku ba ta karɓe shi ba. Ga teku nan har ƙugunsa, ɗigo ɗaya ya isa. Bai iya ba. Sai ya zura yatsu ƙarƙashin farar rigar, ya sami 'yar cinyar nan da ba ta fi babban yatsansa kauri ba, ya mintsine ta.

Candela ta ƙame, sannan ta saki wata siririyar ƙara mai ban tausayi. Rairayi ya kaure da tafi, badujala ta tashi, Milagros ta karɓi 'yarta tana sumbata tana cewa, "Na gode, Baba, na gode," ta juya ta nufi tudu.

Da ya ɗago, Nieves tana nan inda take, kusa da shi ƙwarai. Hannun rigarsa ya jiƙe ya manne da fata, siffar robar ta fito ɓaro-ɓaro, dogon bakinta ya leƙo a wuyan hannu. A kan wurin idonta yake. Daga nan ta dubi kan Eloy, inda ruwan teku ke gangarowa daga gashinsa zuwa kunne.

Ya jira ta yi ihu. Wallahi da ta yi, da ta tara masa jama'a ta kira shi maƙaryaci a gaban 'yan talabijin, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta matso, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda masu riƙe da Uwarmu ba za su ji ba.

"Kawu Baldo, akwai saura?"

Ya kasa haɗa ido da ita.

"Ba faɗa zan yi ba. Ka ɗan ba ni in kurkure masa baki."

Ya matse damtse, ya sake matsewa, kamar wawa, alhali ya sani. Ko ɗigo bai fito ba.

"Ya ƙare," in ji shi. Muryar nan da ake ji daga ƙarshen unguwa, da ƙyar ta fita. "Nieves, 'yata, ruwan ba shi da komai. Na rantse miki ba shi da..."

"Na sani, Kawu. Ka faɗa mana."

Ta gyara riƙon ɗanta ta juya. Ya bi ta da kallo tana ratsa ruwa, ta hau rairayi, ta ratsa cikin masu tafi ba ta tsaya gaisawa da kowa ba, har ta kai famfon da masu wanka ke ɗauraye ƙafa. Ta durƙusa ta buɗe shi, ta tara hannu tana wanke wa Eloy kai, tana sa yatsa tana goge masa harshe, ta wanke ta sake wankewa. Wata mai jariri da ke kusa ta tsaya tana kallon ta, ta ce mata wani abu. Nieves ta ci gaba da wankewa, ba ta nuna kowa da hannu ba. Matar ta dubi teku, ta dubi nata ɗan, ta je ta tsaya a bayanta. Wata ma ta zo. Can sai ga Milagros, ganin ƙawarta a durƙushe, ta nufi wurin da Candela a kafaɗa tana tambaya ko lafiya.

Kunya ta rufe Baldomero tun daga ƙafa har ka, irin wadda mutum ke jin da ma ruwan ya haɗiye shi. A bayansa maza suna nishi a ƙarƙashin nauyi, kafaɗu sun gaji, kwale-kwale yana jira.

"Shugaba!" wani ya kira. "Mu ɗora ko mu tsaya? Kai muke jira!"

Ya buɗe baki zai ba da umarni, amma idonsa yana can kan famfo, inda Milagros ta miƙa wa Nieves hannu, ita kuma ta ɗago tana kallon ta, ba ta ce komai ba tukuna.